Shin Sabon Gini Zai Farfaɗo da Cikin Birnin Kano?

Tambaya:

Malam, ni haifaffen Mandawari ne, kuma ina da rumfar kayan fata a kasuwar Kurmi wadda na gada daga mahaifina. Shekara da shekaru ina kallon masu hali suna sayar da gidajen gado suna komawa Nasarawa da Hotoro da Rijiyar Zaki, ciniki kuma yana ja da baya. Na ji ana cewa a ƙasashen waje akan farfaɗo da tsakiyar gari ta hanyar gina gidan tarihi, da ɗakin karatu, da dandalin taro. Shin wannan dabara za ta yi aiki a cikin birnin Kano? Idan za ta yi, da me ya kamata a fara?

Amsa:

Malam, Allah ya yi wa kasuwa albarka. Dabarar tana iya yin aiki, amma da sharaɗi, kuma kafin a rubuta magani sai an tabbatar da irin ciwon. Garuruwan Turai da ake ba da misali da su tsakiyarsu mutuwa ta yi: masana'antu suka rufe, mutane suka watse, shaguna suka zama kango, don haka aka nemi abin da zai jawo jama'a su dawo. Cikin birnin Kano ba shi da wannan ciwon. Duk wanda ya bi ta Ƙofar Mata ko Ƙofar Wambai da la'asar ya san cewa jama'a ba su yi ƙaranci ba, sai dai ma a ce wurin ya shaƙe. Abin da ya gudu daga cikin birni shi ne kuɗin gyara da masu faɗa a ji, ga kuma filin da mutum zai tsaya ya sha iska wanda gini ya cinye. Saboda haka ginin da zai amfane mu shi ne wanda zai sassauta wa mazauna rayuwa, ya kuma sa baƙo ya iya daɗewa a cikin gari har ya ciro kuɗi ya yi sayayya.

Misalin da aka fi yawan kawowa shi ne Bilbao a ƙasar Sifen, inda aka buɗe gidan adana kayan fasaha na Guggenheim a 1997, garin ya yi suna a duniya. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne cewa an riga an buɗe jirgin ƙarƙashin ƙasa na garin tun 1995, kuma an shafe shekaru ana tsabtace kogin da ya ratsa shi, ginin ya zo ne a kan aikin da aka riga aka shimfiɗa. A Sheffield ta Ingila kuwa, an kashe kusan fam miliyan 15 aka buɗe cibiyar kiɗan zamani a 1999, baƙin da aka yi hasashe ba su zo ba, aka rufe ta a 2000.

Misalin da ya fi kama da halinmu yana Alƙahira. Akwai wani tudun juji a gefen tsohon birnin wanda aka yi kusan shekara 500 ana zuba masa shara da ɓaraguzan gini. Gidauniyar Aga Khan ta ɗauki aikin mayar da shi lambun shaƙatawa mai faɗin hekta 30, wanda aka buɗe a 2005 da sunan lambun Azhar. Ana cikin kwashe ƙasa sai ga tsohuwar ganuwar zamanin Salahuddini ta bayyana, aka gyara ta. Amma abin da ya fi burge ni shi ne aikin da aka yi a Darbul Ahmar, unguwar talakawa da ke jingine da ganuwar: an gyara gidaje masu su suna ciki, an ba da ƙananan rance, an koya wa matasan unguwar sassaƙa da gyaran tsohon gini, suka zama ma'aikatan wurin. Ga ganuwa, ga juji, ga unguwa mai cunkoso da sana'o'in gado. Duk Bakano zai ga gida a cikin wannan hoton.

Mu kuwa abin da wasu ke kashe dukiya su ƙirƙira, mun gaje shi. Ganuwar da Sarki Gijimasu ya aza harsashinta a farkon ƙarni na 12 tana nan, duk da cewa gini da ɗibar ƙasa sun cinye da yawa daga cikinta. Zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499, ya bar mana Gidan Rumfa, wato fadar sarki, da Gidan Makama, wanda yanzu gidan tarihi ne, da kasuwar Kurmi da kake zaune a cikinta. Ga Dutsen Dala, ga marinar Ƙofar Mata, ga Madabo da tarihinta na ilimi, ga unguwanni irin su Dukawa da Soron Ɗinki waɗanda sunayensu kaɗai ke faɗin sana'ar mutanensu. Tun 2007 ganuwar da wuraren da ke tattare da ita suke cikin jerin wucin gadi na wuraren tarihin duniya na hukumar UNESCO, kuma a Disambar 2024 hukumar ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun gado na ɗan Adam. Matsalar ita ce waɗannan wurare a warwatse suke kamar tsakiyar da zarenta ya tsinke, babu abin da ya haɗa su.

Ka ɗauki baƙon da ya sauka a marinar Ƙofar Mata da hantsi. Zai ga dattijo zaune a bakin rami, hannunsa ya rine har gwiwa, yana tsoma ƙyalle a ruwan baba da toka, ya ɗago shi iska ta buge shi, ya sake tsomawa, har launin ya kama. Zai ji ƙarar masu bugu suna fito da sheƙin yadi a kan gungume. Zai kuma ga ramuka da dama a bushe, babu mai aiki a kansu. Bayan rabin sa'a yana son ya wuce Gidan Makama, daga nan ya gangara Kurmi, tafiyar da ƙafa za ta iya yi. To amma ina zai bi? Gefen titi masu kasa kaya sun cika shi, Adaidaita Sahu na neman hanya, babu inuwa, babu allon da zai nuna masa hanya, babu banɗakin da mace mai mutunci za ta shiga. Sai ya koma mota ya tafi, rumfarka kuwa ba ta gan shi ba. A ganina wannan tazarar da ke tsakanin wuri da wuri ita ce babban aikin, ta fi kowane sabon gini muhimmanci, kuma ita ce mafi arha.

Don haka idan an tambaye ni tsarin aiki, zan fara da magudanar ruwa da shara. Cikin birni an gina shi ne da ƙasar da aka haƙa a cikinsa, ramukan suka zama kududdufai, su ne kuma suke shanye ruwan sama kafin ya gangara Jakara. An cike da yawansu an yi gini a kai, ruwan bai daina zuwa ba, sai ya koma lunguna da gindin katangun ƙasa, shi ya sa duk watan Agusta ake jin labarin rushewar gidaje. Kududdufin da ya rage bai kamata a yanka shi filoti ba. A yashe shi, a kewaye shi, a dasa itatuwa a bakinsa, ya zama wurin hutawa da rani, matattarar ruwa da damina. Bayan wannan sai hanyar ƙafa guda ɗaya mai kyau wadda za ta haɗa marina da fada da Gidan Makama da Kurmi da Dala, da fitilu masu aiki da hasken rana, da famfo, da banɗakuna na maza daban na mata daban, da wurin alwala.

Sai a zo kan gine-ginen al'adu, kuma a nan ra'ayina shi ne ƙanana da yawa sun fi katafare ɗaya. Ɗakin karatu na Murtala Muhammad yana wajen ganuwa, yarinyar da ke Yakasai ko Koki ba za ta je can da yamma ta dawo ba. Amma idan aka samu tsohon gida mai zaure da soraye a unguwarsu, aka gyara shi da tubali da azara da makuba kamar yadda magina suka gada, aka sa masa wuta da intanet da tebura, aka ware wa mata nasu ɓangaren ko nasu lokacin, to ɗalibai masu shirin jarrabawa za su cika shi tun makon farko. A irin waɗannan gidaje ne za a iya adana rubuce-rubucen ajami da na Larabci da ke cikin adakoki a gidajen malamai, gara da danshi suna cin su, a ɗauki hotonsu a kwamfuta ba tare da an raba iyali da gadonsu ba. Haka kuma dukawa da masaƙa da masu ɗinkin hula da maƙera suna buƙatar wurin da za su yi aiki a gaban mai saye, su kuma koyar da yara. Garin da ke hawan Daushe da hawan Nasarawa ya cancanci wurin da za a ga sirdi da lifidi da alkyabba duk tsawon shekara, a kusa da masu yin su, domin wanda ya kalla ya sami inda zai saya.

Akwai abin da nake so in ja hankali a kansa, domin na gani da idona. Na taɓa sa hannu a tsara wata cibiyar matasa a wani gari, aka yi bikin buɗewa da kaɗe-kaɗe da jawabai. Da na koma bayan shekara biyu sai na tarar da kwaɗo a ƙofa, ciyawa ta kai ƙugu, awaki na kiwo a farfajiya, saboda babu wanda ya tanadi albashin mai gadi da kuɗin wuta. Har yau abin yana damuna, domin ni ma ban tsaya na tambayi wanda zai riƙe wurin ba. Tun daga ranar, ba na goyon bayan gini sai na ga daga inda kuɗin tafiyar da shi zai riƙa fitowa. A Kano muna da hanya a hannu, wato hubusi, har da hukumar zakka da hubusi a jiha. Attajirin da ya tashi a cikin birni zai iya tsayar da shaguna biyar ko goma a matsayin wakafi, kuɗin hayarsu ya riƙa ɗaukar nauyin ɗakin karatun unguwarsu, ko gwamnati ta canza ko ba ta canza ba.

Sannan a yi shawara da mutane tun kafin a zana taswira. A 2016 gwamnatin tarayya ta yi niyyar gina ƙauyen shirya fina-finai a garin Kofa da ke jihar Kano, malamai da jama'a da dama suka nuna ƙin amincewa, aka janye aikin. Ko mutum yana goyon baya ko yana adawa, darasin a fili yake: abin da aka kira cibiyar al'adu a Kano dole ya dace da abin da mutanen Kano suka yarda al'adarsu ce. Rushe Ƙofar Na'isa a 2010 domin faɗaɗa titi shi ma ya nuna cewa aikin raya gari yana iya cinye abin da ya sa garin ya zama abin zuwa gani, domin ƙofar da aka sake ginawa ba ita ce ta da ba. Kuma a kula da masu haya da masu kasa kaya, domin idan wuri ya gyaru haya takan tashi, wanda ya sha wahalar wurin ya zama shi ne farkon wanda za a kora. Duk wanda aikin zai tayar, a nuna masa inda zai koma kafin a taɓa rumfarsa.

Game da masu halin da suka tashi, gaskiya yawancinsu ba za su dawo da zama ba, domin lungun da mota ba ta shiga ba zai yi gasa da Nasarawa ba. Abin da za a iya samu shi ne su dawo da kuɗinsu da baƙinsu, su daina sayar da gidan gado ga wanda zai rushe shi ya yi sito.

Kai kuma a naka matsayin, ba sai ka jira babban aiki ba. Ku zauna da shugabannin layinku a Kurmi da mai unguwa, ku rubuta abubuwa uku da suka fi korar mai saye, wanda a zatona kwata da duhu da rashin banɗaki ne, ku ƙiyasta kuɗinsu, ku kai wa ƙaramar hukuma da hukumar tsara birane ta KNUPDA a rubuce, tare da bayanin abin da ku 'yan kasuwa za ku ɗauka na kula da su bayan an gama. Ku kuma nemi ma'aikatan Gidan Makama da masu marina ku daidaita, ta yadda duk ɗaliban makaranta ko baƙin da suka je can za a samu mai rako su har layin 'yan fata, ko da sau ɗaya ne a mako, tun daga wannan zangon karatu.