Daga Tawa Zuwa Sakkwato: Wace Takarda Ake Tambaya a Iyakar Konni?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mazauniyar Tawa ce. Ƙanwata da ke aure a Sakkwato za ta aurar da ɗiyarta nan da wata guda, muna son mu je ni da mahaifiyarmu da wata yarinya mai shekara 8, ɗiyar ƙanena da nake riƙo. Katina na ɗan ƙasa lafiya lau yake, amma na Inna wa'adinsa ya ƙare tun bara, yarinyar kuwa takardar haihuwa kaɗai gare ta. An ce mini tun da muka fita daga CEDEAO sai da biza ake shiga Najeriya. Wasu kuma sun ce kada in damu, a Konni akwai 'yan kabu-kabu da ke bi da mutum ta baya. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sanya alheri a bikin, ya ƙara wa Inna lafiya. Duka maganganun biyu da aka faɗa miki kada ki ɗauki ko ɗaya.

Mu fara kawar da ta biza. A 1979 ƙasashen CEDEAO, wato ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, suka sa hannu a Dakar kan yarjejeniyar da ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba, muddin yana riƙe da takardar tafiya mai rai da katin rigakafi. Gaskiya ne Nijar da Mali da Burkina Faso sun sanar da ficewarsu ranar 28 ga Janairun 2024, ficewar kuma ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025. Amma a wannan ranar ce CEDEAO ta umarci ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida masu tambarinta daga hannun 'yan ƙasashen uku, su bar su su shiga su fita ba biza, har sai an sake wata sanarwa. Ƙasashen AES ma, wato ƙawancen waɗannan ƙasashe uku, tun a Disamban 2024 suka ce ƙofarsu a buɗe take ga 'yan CEDEAO. Saboda haka zuwa biki na kwana huɗu ko mako guda ba ya buƙatar biza.

Sai dai ki riƙe wannan "har sai an sake sanarwa". A da haƙƙi ne da yarjejeniya ta ba mu, yanzu kuwa sassauci ne da za a iya sauyawa. Kin ga yadda aka rufe iyakar bayan Yulin 2023, ba a buɗe ba sai a Maris na 2024. Don haka kwana biyu ko uku kafin ku tashi, ki leƙa tasha ki tambayi direbobin layin Konni halin da ake ciki, ƙanwarki ma ta tambaya daga can. Su ke bin hanyar kullum, su ke fara jin duk wani sauyi.

Game da katinki, akwai bambancin da mutanenmu ba su cika lura da shi ba. Nijar na cikin UEMOA, ƙungiyar ƙasashe 8 masu kashe kuɗin sefa, kuma a tsakaninsu an saba tafiya da katin ɗan ƙasa. Najeriya ba ta cikin wannan ƙungiya. Abin da yarjejeniyar 1979 ta kira takardar tafiya shi ne fasfo, ko wata takarda ta hukuma mai hoto wadda ke da wurin da jami'in shige da fice zai buga hatimi. Kati ba shi da wurin hatimi. A aikace mutanen Konni da Illela, garin bakin iyaka a ɓangaren Najeriya, da kati suke kai da komowa, kuma yawancin masu zuwa biki ko jinya Sakkwato shi suke nunawa, amma in kina da fasfo, to shi za ki sa a gaba. Hatimin da aka buga miki a Illela shi ne shaidarki a kowane shinge na cikin ƙasa cewa ta ƙofa kika shigo, da ranar da kika shigo. In ba ki da fasfo, kuma kina yawan zuwa wurin ƙanwarki, ya cancanci ki neme shi ko da bayan bikin ne; hukumar DST ta 'yan sanda a Yamai ce ke bayarwa.

Katin Inna kuwa ba shi da wata dabara sai sabuntawa. Katin da ya mutu, a idon jami'i, daidai yake da babu. Na san za a ce miki ai tsohuwa ce, babu mai tsayar da ita. Sau da yawa ana yi wa tsofaffi kara, amma kara ba doka ba ce, kuma wanda ya yi mata a shingen farko ba shi ne zai tsaya a na biyar ba. Tsohuwa a zaune bisa benci cikin zafin Konni, mota ta gaji da jira ta tafi, wannan shi ne abin da nake guje muku. Wata guda ba lokaci mai yawa ba ne, ki kai ta komisariya, wato ofishin 'yan sanda, cikin makon nan da tsohon katin da takardar haihuwarta da hotuna. In takardar haihuwar ta ɓata, ko ba a taɓa yi mata ba, kotu na bayar da takardar da ke maye gurbinta, sai dai wannan na cin lokaci, shi ya sa nake cewa a fara yau. Idan sabon katin ya fito, ki karanta shi harafi bayan harafi kafin ku bar wurin. Sunan da aka rubuta Aïchatou a wata takarda, Aissata a wata, ko shekarar haihuwa da ta bambanta, ƙaramin abu ne a gida amma a bakin iyaka yana iya cinye muku yini.

Yanzu ga inda na fi so ki ba ni hankalinki, wato yarinyar. A tambayarki ita kika ambata a ƙarshe, alhali ita ce za ta fi jawo tambayoyi.

A wurinmu riƙo ba baƙon abu ba ne. Ɗiyar ƙanenki ɗiyarki ce, ke ke ci da ita, ke ke kai ta makaranta, ƙila ma ke take kira uwa. Amma jami'in da zai karɓi takardar haihuwarta zai ga sunan uwa daban, sunan uba daban, babu sunanki a ko'ina, takardar kuma ba ta da hoto. Aikinsa ne ya tambaya, kuma ina ganin daidai ne ya tambaya. Ta waɗannan hanyoyi ake fitar da yara bara da aikatau, sau da yawa a hannun mace mai kamala wadda ke cewa ita gwaggo ce. Nijar na da dokar yaƙi da safarar mutane tun 2010, Najeriya na da hukumar NAPTIP tun 2003, kuma jami'an ɓangarorin biyu an horar da su su sa ido kan yaron da ke tafe da wanda ba mahaifinsa ba. Tambayar da za ta ɓata miki rai ita ce ke ceton ɗiyar wani.

Abin da zai raba ki da wannan shi ne takardar izinin iyaye. Ƙanenki zai rubuta cewa ya yarda ɗiyarsa wance, haifaffiyar rana kaza, ta tafi Sakkwato tare da yayarsa wance mai kati lamba kaza, daga rana kaza zuwa rana kaza. Zai je da kansa komisariya ko ma'aikatar magajin gari ya sa hannu a gaban hukuma, a buga hatimi. Wadda aka rubuta a zaure aka sa hannu ba hatimi ba ta da nauyi. Ki haɗa ta da kwafin katinsa, da ainihin takardar haihuwar, da katin makarantar yarinyar in akwai mai hoto. In mahaifiyarta na kusa, ita ma ta sa hannu, musamman idan aurensu ya mutu, don kada a wayi gari a ce an fitar da yarinya ba da saninta ba. Takardar da Faransanci za ta fito, jami'an Illela kuwa da Turancin Ingilishi suke aiki, ko da yake kusan kowa a wurin na jin Hausa. In kin samu wanda zai fassara ta a haɗa, ya fi. Ranar tafiya kuma wayar ƙanenki ta kasance a kunne, don ana iya cewa a kira shi.

Wani abu da ake mantawa: ana iya jan yarinyar gefe a tambaye ta sunanta, sunan babanta, ina za ta, wace ce ke a wurinta. Kada ki koya mata ta ce ke kika haife ta don a taƙaita magana. Da zarar bakinta ya saɓa wa takarda, abin da zai ƙare cikin minti biyar ya zama bincike. Ki gaya mata ta faɗi gaskiya kawai: gwaggona ce, biki za mu je.

Katin rigakafin ciwon shawara, mai ruwan ɗorawa, ku duka uku ya kamata ku riƙe. Allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10 da yin ta, don haka kada a bar ta sai jajibirin tafiya. Tun Yulin 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, ke nan in kina da tsohon kati bai mutu ba, ko da an rubuta shekara 10 a jikinsa. Yarinyar mai yiwuwa an yi mata tun tana wata 9, a duba katin awonta a je da shi asibiti a fitar mata da na tafiya. Inna kuwa, in ta haura 60 kuma ba a taɓa yi mata ba, likita ne zai duba ta ya yanke, domin allurar na iya yi wa tsofaffi nauyi. In ya ga bai dace ba, zai rubuta takardar da za a nuna a madadinta. Kada ku sayi katin da aka cike ba allura. Laifi ne, kuma cutar ba ta duba kati.

Maganar bi ta baya, Hajiya, ki cire ta daga ranki gaba ɗaya. Mai kabu-kabu zai tsallakar da ku, ya karɓi kuɗinsa, ya juya. Daga nan har Sakkwato akwai shingaye, kuma a kowanne za ki zama mace da ta shigo ta ɓarauniyar hanya da tsohuwa da yarinyar da ba tata ba. Duk takardun da kika sha wahalar haɗawa, wannan kaɗai ya isa ya zubar musu da daraja. Ga kuma halin tsaro da dazukan yankin ke ciki a shekarun nan, wanda ba sai na faɗa miki ba. Ku bi titi, ku bi da rana. Ku bar Tawa da sassafe yadda za ku gama da iyaka kafin azahar, ku shiga Sakkwato rana na sama. In da hali ku kauce wa Lahadi, ranar kasuwar Illela, saboda cunkoso.

A wurin binciken kansa, ofis biyu ne a kowane ɓangare: masu duba mutum da masu duba kaya. Takardunku su kasance a jaka guda a jikinki, ba cikin akwatin da aka ɗaure a saman mota ba. Ke da hannunki za ki miƙa wa mai kaki, ki tsaya har ya maido miki. Kada ki ba ɗan kamasho ko yaron mota ya kai miki. Ki yi sallama, ki amsa abin da aka tambaye ki, ki riƙe sunan unguwar ƙanwarki da lambar wayarta a rubuce, katin gayyatar bikin ma yana taimakawa. Wanda takardunsa suka cika babu kuɗin shiga a kansa. In an ce ki biya wani abu, ki tambaya cikin ladabi na mene ne, ki nemi rasit, kada ki ɗaga murya. Ki ɗauki hoton kowace takarda a waya, ki bar kwafi a gida, amma kada ki ɗaga waya kina ɗaukar hoto a wurin jami'ai.

Kayan biki kuma a yi hattara. A Oktoban 2024 gwamnatin Nijar ta hana fitar da hatsi irin su gero da dawa da masara da shinkafa da wake zuwa waje, in ban da Mali da Burkina Faso, saboda haka in kina shirin kai buhu a matsayin gudummawa, ki tambayi 'yan duwan, wato jami'an kwastan, tukuna. Maganin Inna ya zauna cikin kwalinsa tare da takardar likita. Saƙon da aka naɗe aka ce ki kai wa wani, ko na maƙwabciya ne, a buɗe shi a gabanki kafin ya shiga kayanki, domin duk abin da aka samu a ciki naki ne a wurin hukuma. Naira kaɗan ta mota da ruwa ki canza a Konni, sauran ƙanwarki ta nuna miki inda ake canji a can.

In Allah ya kiyaye takarda ta ɓata muku a Sakkwato, kada ku kama hanyar gida haka nan. Ku fara zuwa ofishin 'yan sanda mafi kusa a ba ku shaidar ɓata, sannan ku tuntuɓi ƙaramin ofishin jakadancin Nijar da ke Kano ko babban da ke Abuja, ku tafi da kwafin da ke wayarki. Ranar dawowa kuma, in an buga miki hatimin shiga a fasfo, ki tabbata an buga na fita kafin ki baro Illela, kuma ranar ba ta wuce wadda ƙanenki ya rubuta a takardar yarinyar ba.