Mijin ƙanwata ya karya mata haƙori, an ce doka ta ba shi dama: me dokar Kano ta ce?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Daga Ɗorayi nake rubuto maka. Ƙanwata tana aure a Kurna shekara shida ke nan, kuma mijinta yana dukanta. A na ƙarshen nan har haƙorinta na gaba ya karye. Da muka kai ƙara wajen manyansa, wani kawunsa ya ce ko gaban alƙali aka je, doka ta ba miji damar ladabtar da matarsa. Sannan ƙanin mijin da ke kwana a shagon gidan yana taɓa jikin 'yar riƙonta mai shekara 13 idan an aike ta. Wannan ma an ce tunda ba fyaɗe ya yi mata ba, babu laifi. Don Allah mene ne gaskiyar magana?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba ƙanwarki lafiya, ya kuma saka miki da kika tsaya mata.

Kawun nan ya ji ƙanshin wata magana ne, bai ji ta duka ba. A kundin hukunta laifuka da muke kira Final Kod (Penal Code), wanda ya fara aiki a Arewa tun 1960 kuma Kano take amfani da shi, akwai sashe na 55. Ya ce abin da uba ya yi don gyaran ɗansa, ko malami don gyaran ɗalibinsa, ko miji don gyaran matarsa, ba laifi ba ne, idan al'adar da ma'auratan suke bi ta amince da irin wannan gyara. Amma sashen da kansa ya gindaya sharaɗi: muddin abin bai kai ga mummunan rauni ba. Nan ne masu kafa hujja da shi suke yin shiru.

Mummunan rauni kuwa ba a bar shi ga ra'ayin kowa ba, sashe na 241 ya lissafa shi: makantar da ido, kurumtar da kunne, nakasa wata gaɓa, ɓata fuska ko kai ɓaci na dindindin, karya ko gurɗe ƙashi ko haƙori, da duk raunin da ya jefa rai cikin haɗari ko ya sa mutum ya yi kwana 20 cikin tsananin ciwo ko ya kasa harkokinsa na yau da kullum. Kin ga haƙori da sunansa yake a ciki. Don haka abin da ya sami ƙanwarki ya fita daga inuwar sashe na 55 gaba ɗaya, ya faɗa sashe na 247, wanda hukuncinsa ɗauri ne da zai iya kaiwa shekara 7, haɗe da tara.

Ni dai ban taɓa ɓoye ra'ayina a kan sashe na 55 ɗin nan ba. Ya jera matar aure da yaro da ɗalibi a sahu ɗaya, kuma ya sa mata da yawa suna zaton sai an kusa kashe su sannan suke da bakin magana. Ga shi kuwa sashe na 34 na tsarin mulkin 1999 ya haramta azabtarwa da wulaƙanta ɗan'adam, bai ware matan aure ba. Kuma duk mai hankali ya san dukan da ake yi cikin fushi, da waya ko bel ko naushi, huce haushi ne, ba gyara ba.

Abin da ke rikita mutane shi ne, a rediyo kullum ana cewa “cin zarafi a cikin gida”, amma in kika buɗe Final Kod ba za ki ga laifi mai wannan suna ba. Dokar da ta kawo wannan ma'ana mai faɗi, wadda ta haɗa da zagi da muzantawa da hana abin masarufi da korar mace daga gida, ita ce dokar tarayya ta hana cin zarafin mutane, wato VAPP ta 2015. Ita kuwa a Abuja kaɗai take aiki kai tsaye, sai jiha ta mayar da ita tata, kuma har zuwa 2024 Kano ba ta yi hakan ba. Saboda haka idan za a kai ƙara, a kira abin da sunan da doka ta san shi: jin rauni, mummunan rauni, barazana. A faɗi rana, da abin da aka yi duka da shi, da wanda ya gani ko ya ji ihu.

Kotun Musulunci ma ƙofa ce, kuma a ganina ita ta fi kusa da matsalar ƙanwarki idan abin da take so shi ne ta tsira da lafiyarta. A mazhabar Malikiyya da alƙalanmu suke hukunci da ita, cutarwa bayyananniya dalili ce da alƙali zai raba aure a kanta, ko da sau ɗaya aka yi. Ana tabbatar da ita da shaidu, ko da labarin da ya bazu tsakanin maƙwabta. Wannan ba khul'i ba ne, ba za ta mayar da sadaki ba. Ina jaddada wannan domin na sha ganin mace ta ci duka, sannan danginta su haɗa kuɗi su fanshe ta. Ko da ta riga ta biya, in ta tabbatar cutarwa ce ta tilasta mata, ana mayar mata da kuɗinta, sakin kuma yana nan. Haƙorin ma shari'a ba ta yi masa kallon banza ba, diyyarsa raƙuma biyar ce.

Sai maganar yarinya, wadda ta fi gaggawa domin wanda ake zargi yana kwana a gidan.

Sashe na 282 ya bayyana fyaɗe a matsayin saduwa da mace ba da sonta ba, ko ba da yardarta ba, ko da yardar da aka samu ta hanyar tsoratar da ita da kisa ko rauni, ko ta hanyar sa ta ɗauka mutumin mijinta ne. Idan kuma ba ta kai shekara 14 ba, ko tana da taɓin hankali, to ko ta yarda ko ba ta yarda ba, fyaɗe ne. Bayan gyaran da Kano ta yi a 2014, hukuncin ɗaurin rai da rai ne, ko aƙalla shekara 14. Sashen ya cire saduwar miji da matarsa baliga daga ma'anar fyaɗe, amma in ya ji mata rauni wajen tilastawa, raunin yana da nasa hukuncin.

To taɓa jiki fa? Laifi ne mai zaman kansa. Sashe na 285 ya yi magana a kan aikata aikin alfasha a jikin wani ba da yardarsa ba, ɗauri har shekara 7. Sashe na 268 kuma ya hukunta afka wa mace da nufin keta mutuncinta. Kada wani ya ce ai ba ta yi ihu ba, ko ta karɓi alawa: sashe na 39 ya ce yardar wanda bai kai shekara 14 ba, ba yarda ba ce. Ga kuma dokar kare yara da aka sa wa hannu a Kano a watan Mayun 2023.

Ku ɗauke yarinyar daga gidan yau, ta dawo wajenki. A tambaye ta cikin lallashi, ba tsawa, ba a gaban taro ba, domin yara sukan fara da faɗin ƙaramin abu su ga yadda za a karɓa. A kai ta cibiyar Waraka da ke Asibitin Murtala, inda ake duba waɗanda aka ci zarafinsu. In har abin ya wuce taɓawa, maganin kariya daga cutar ƙanjamau cikin awa 72 yake aiki, kuma kada a yi mata wanka ko a wanke kayanta kafin likita ya gani.

Daga nan sai caji ofis mafi kusa. Shari'ar fyaɗe Babbar Kotun Jiha ce ke yin ta. Kotun majistare tsare wanda ake zargi kawai take yi kafin Ma'aikatar Shari'a ta ba da shawara a kan fayil ɗin, shi ya sa ake ganin jinkiri, kuma a wannan tsakanin ne dangi suke zuwa da roƙon a rufa asiri. Hisbah da mai unguwa suna da amfani wajen sulhun ma'aurata, amma laifin da aka yi wa yarinya ba na sasantawa a zaure ba ne. Idan kuɗin lauya ne matsala, ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa duk suna aiki a Kano.

Ita kuma ƙanwarki, ta je asibitin gwamnati a rubuta mata rahoton likita tun kumburin bai saɓe ba, a ɗauki hoton bakin da waya, ki ajiye kwafi a wajenki, ba a gidan mijin ba.