Tambayoyinku Kan Fasaha: Batir Ya Kumbura, Shi Ke Nan Waya Ta Mutu?

Tambaya: Malam, cajar wayar ƙanwata tana shiga ramin kwamfutata. In yi caji da ita? (Wata ɗaliba, Jami'ar Usmanu Danfodiyo)

Amsa: Shiga za ta shiga in USB-C ce, amma caja mai wat 20 ba za ta ƙosar da kwamfutar da ke neman wat 65 ba. Cajar kwamfutar kuwa tana cajin waya lafiya lau, ita kaɗai ta ishe ki. Mayar wa yarinya kayanta.

Tambaya: Wayata shekararta biyu, batirin ya kumbura har ya ɗaga murfin baya. Abokaina sun ce in ba 'yan jari-bola in sayi sabuwa. Me ka gani? (Wani mai karatu, Mabera)

Amsa: Daina cajinta daga yau, ɗan'uwa, kumburarren batir yana iya kama wuta. Shawarar abokanka kuma tana sosa mini rai ƙwarai. Allo lafiya, kyamara lafiya, abu ɗaya ne ya gaji. Wa ya taɓa yar da babur don tayarsa ta yi faci?

Zafi ne babban makashin batir. Kamfanin Apple ya ce a yi amfani da waya a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, mu kuwa a Sakkwato watan Afrilu yana haura 40. Ga shi na san halinku: a kai waya shagon caji da tsakar rana, a jera ta da wasu ashirin a kan katako ƙarƙashin rufin kwano, ko a cusa ta ƙarƙashin matashin kai tana caji har asuba.

Sai dai ba duka laifin ne naka ba. Tsohuwar Nokia da farce ake buɗe ta a canza batir. Kwanan baya na tsaya kan wani mai gyara a kasuwa, yana hura wa bayan waya iska mai zafi don gam ya saki, yana zura siririn kati a hankali, gumi na zuba, yana fargabar gilashin ya tsage a ce ya biya. Tun a teburin masu zana wayar aka zaɓi gam a kan ƙusa, don ta yi siriri kuma ruwa kada ya shiga. A can aka yanke mata tsawon kwana, kafin ta iso hannunka.

Abin da ya sa nake nanata wannan shi ne, kusan kashi 80 cikin 100 na iskar da waya ke gurɓatawa a duk rayuwarta, wajen ƙera ta ake fitarwa, tun ba ka buɗe kwali ba. Sai an haƙo jan ƙarfe da zinare, da ma'adinin kobalt na batir wanda kusan kashi 70 cikin 100 na duniya daga Kwango yake fitowa. Cajin da kake yi kullum ɗan kaɗan ne a lissafin. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a 2022 an zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki a duniya, kashi 22 kacal aka tabbatar an tattara an sake sarrafawa. Wani ɓangare na sauran shi ne baƙin hayaƙin nan da kake gani a bola, inda yara ke ƙona wayoyin wuta don ciro jan ƙarfe, suna shaƙa.

Kuma ana iya ƙera waya ta daɗe. Kamfanin Fairphone na ƙasar Holan yana yin waya da mai ita zai kwance da sukudireba ya canza allo ko batir. Tarayyar Turai ta tilasta, daga 20 ga Yunin 2025, cewa batirin sabuwar waya ya jure caji sau 800 yana riƙe da kashi 80 na ƙarfinsa, kayan gyaranta kuma su kasance a kasuwa shekara 7 bayan an daina sayar da ita. Mu a nan, makaminmu tambaya ce a gaban mai shago: ana samun batirinta? Allonta nawa ne? Shekara nawa za a yi ana sabunta manhajarta? Ku dai kullum kyamara nawa ce a baya kuke ƙirgawa.

Ka kai ta wurin mai gyaran da ka yarda da shi, a sa batir mai kyau. Bayan haka ka yi yadda nake yi: cire caji a kashi 80, a inuwa, kuma a zare rigar robar in za a caja.

Tambaya: Batirin solar gidanmu ya mutu, yara na son fasa shi su sayar da abin ciki. (Wata uwa, Runjin Sambo)

Amsa: Kada ki bari, Hajiya. In mai ruwa ne, dalma ce da asid a ciki, kuma gubar dalma ce ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010. Ki kai shi a rufe wurin masu sayar da batir, yawancinsu suna karɓar tsoho su rage miki kuɗin sabo.