Amsa ta murya: masu fara jifa shida na Dodgers da gurbin Ohtani a jerin bugu

Assalamu alaikum. 'Yan uwa, barkanmu da war haka. Na saurari muryoyin da aka turo tun daren jiya a kan Dodgers, ƙungiyar ƙwallon baseball ta Los Angeles, kuma abu biyu ake ta ja a kai. Ƙanenmu ya ce karɓa-karɓar masu fara jifa mutum shida shagwaɓa ce kawai, tunda Yamamoto ya yi jifa a wasa na 6 da na 7 kwana biyu a jere a World Series ta 2025, wato wasannin ƙarshe na cin kofi da suka yi da Toronto, kuma hannunsa bai ce uffan ba. Alhaji kuma ya ce asara ce a bar Ohtani yana buɗe bugu, gara a mayar da shi na huɗu. To ku ba ni aron hankalinku, muryar za ta ɗan yi tsawo.

Ƙanena, bari mu fara da lissafi, don maganar nan kafin ta zama ta jarumta, ta lissafi ce. Kakar MLB, babbar gasar baseball ta Amurka, wasa 162 ce, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, kusan kullum ana fili. Idan masu fara jifa biyar ne, kowa zai fara wasa 32 ko 33, da hutun kwana huɗu a tsakani. Idan shida ne, kowa ya sauko 27, hutu ya zama kwana biyar. Wato gwaninka na ɗaya ya rasa wasa biyar ko shida, ka ɗauka ka miƙa wa wanda shi ne na shida a iyawa. Wannan asara ce ta gaske, a nan ina tare da kai.

Amma babbar matsalar ba a nan take ba. Doka ta ce 'yan wasa 26 ne a ƙungiya, kuma masu jifa kada su wuce 13, sai a Satumba da ake ƙarawa zuwa 28 da 14. Idan ka ware biyar na farawa, saura takwas a bulfen, wato masu karɓar jifa a tsakiyar wasa. Ka ware shida, saura bakwai. A kaka guda ƙungiya tana jefa inin, wato zagayen da ake yin tara a kowane wasa, kusan 1,450. Mai fara jifa a yanzu inin biyar da ɗan ɗori yake yi, ka ce biyar da sulusi, sau 162 ya ba ka 864. Ragowar kusan 590 yana wuyan bulfen. Raba wa mutum takwas, kowa 73 ko 74. Raba wa bakwai, kowa 84. Alhali mai karɓar jifa da ake ji da shi 60 zuwa 70 yake yi a shekara. Ka ga ke nan, ka hutar da hannu shida ka gajiyar da hannu bakwai. Kuma ba za ka ce kullum za ka riƙa sauya su da yaran ƙaramar ƙungiya ba, domin mai jifan da ka saukar ƙasa sai ya yi kwana 15 kafin ka dawo da shi, in ba wani ne ya ji rauni ba, sannan sau biyar kaɗai aka yarda ka saukar da mutum ɗaya a kaka.

To me ya sa Dodgers suke iyawa? Saboda Ohtani, wanda yake jifa kuma yake bugu. Dokar ɗan wasa mai aiki biyu ta ce wanda ya jefa inin 20, kuma ya fara wasa 20 a matsayin mai bugu da zuwa bugu aƙalla sau uku a kowanne, ba a ƙirga shi cikin 13 ɗin nan. Saboda haka su suna da masu farawa shida da bulfen takwas cif. Sauran ƙungiyoyi 29 ba su da wannan gata. Shi ya sa in wani ya ce kowa ya kwaikwayi Dodgers, sai a tambaye shi ina nasa Ohtanin.

Yanzu a zo kan abin da ake yi da kwanakin hutun, don wasu suna zaton kwanciya ake yi. Mai jifa ya jefa ƙwallo 95 ko 100 ranar Litinin. Talata ba ya jifa mai ƙarfi, sai gudu ko keke, tausa, da ɗaga ƙarfe na ƙafa da ƙugu. Laraba ya yi jifa mai nisa, galibi kuma ranar ce yake hawa tudu, wato inda mai jifa yake tsayawa, a wurin atisayen bulfen ya jefa 25 zuwa 40 yana gyara abin da ya karkace, wasu kan jinkirta wannan zuwa Alhamis. Alhamis aikin kafaɗa da ƙananan tsokoki. Juma'a jifa sama-sama, ya zauna da mai cafe masa ƙwallo da koci su kalli bidiyon waɗanda zai fuskanta. Asabar ya hau tudu. Babu rarar kwana ko ɗaya a ciki. In ya tashi Laraba kafaɗa tana masa nauyi, ko dai ya tsallake bulfen ya shiga wasa bai gyara komai ba, ko ya yi shi a kan gajiya. Kwana na biyar ɗin da kake kira shagwaɓa, amfaninsa ke nan.

Kuma gajiya ba a gudun ƙwallo take fara bayyana ba. Gwiwar hannu ce take ɗan saukowa wajen sakin ƙwallo, ƙafar gaba ta sauka a buɗe, ƙwallon da ya kamata ya nutse ƙasa ya tsaya a tsakiya. Ƙafa da ƙugu in sun daina ba da ƙarfi, hannu ne yake biya, musamman jijiyar nan ta cikin gwiwar hannu. In ta tsinke sai tiyatar Tommy John, wadda Dokta Frank Jobe ya fara yi a 1974, kuma a kan ɗan Dodgers ɗin ma aka fara ta. Jinyarta wata 12 zuwa 18. Ƙara da agogon jifa da aka kawo a 2023: daƙiƙa 15 in babu kowa a tasha, wato wuraren da mai bugu yake rugawa ya tsaya, 18 yanzu in akwai. Hannu ba ya samun sararin da yake samu a da tsakanin jifa da jifa.

Sai ka dubi mutanen da muke magana a kansu. A Japan kaka wasa 143 ce, Litinin galibi hutu, mai fara jifa sau ɗaya yake fita a mako. Haka jikin Yamamoto ya saba tun yana ƙungiyar Orix ta can. Dodgers sun zuba masa dala miliyan 325 na shekara 12, a shekararsa ta farko, Yunin 2024, kafaɗa ta kama shi, bai dawo ba sai Satumba. Ohtani an yi masa aiki a gwiwar hannu sau biyu, Oktoban 2018 da Satumban 2023, bai yi jifa ko ɗaya ba a 2024, da ya dawo ranar 16 ga Yunin 2025 inin ɗaya tak aka ba shi, aka riƙa ƙara masa kaɗan-kaɗan. Snell da Glasnow, su ma masu fara jifan Dodgers, kowa ya san tarihinsu da rauni, dukansu sun yi watanni a waje a 2025. Mutanen da ke da irin wannan jiki ba a tsara musu hutun kwana huɗu na wata shida.

Hujjarka ta wasa na 7 kuwa, ita ce ma take rushe maganarka. Gaskiya ne, Yamamoto ya jefa inin tara cur a wasa na 2, ya jefa 96 a inin shida a wasa na 6, washegari ya shigo ya jefa 34 a inin biyu da sulusi biyu ya rufe wasan. Abin a jinjina masa ne, wallahi. Amma a wannan daren dai, wa ya fara? Ohtani, da hutun kwana uku. Ƙwallonsa ba ya zuwa inda yake so, Bo Bichette na Toronto ya buga masa hom ron, wato bugun da ya tsallake katangar fili, mai maki uku a inin na uku, aka cire shi bayan inin biyu da sulusi. Dare ɗaya, ƙungiya ɗaya, ka ga fuska biyu ta gajeren hutu. Sannan bayan wasa na 7 babu wasa na 8, akwai watanni na hutu. Doki yakan yi sukuwa ranar hawan sallah, amma ba wanda yake sa shi sukuwa kullum har shekara. Yamamoto ya iya abin da ya yi ne don an tattala shi tun Afrilu: wasa 30 ya fara, inin 173 da sulusi biyu.

A Oktoba, lokacin wasannin neman kofi, dama lissafin daban ne. Akwai ranakun tafiya tsakanin birane, mutum huɗu sun isa, na biyar da na shida su koma bulfen. Haka aka yi da Sheehan da Kershaw a 2025, Sasaki ma ya koma mai rufe wasa. Ku tuna 2024 da rauni ya cinye su, mutum uku suka rage, Flaherty, Yamamoto da Buehler, har wasa na 4 na World Series da Yankees sai bulfen zalla aka yi, aka ci su 11 da 4.

Wani ya tsoma maganar cire mai jifa da wuri, bari in taɓa ta a gurguje. Mai bugu in ya ga mutum sau biyu a dare ɗaya, a karo na uku ya gane saurinsa da inda ƙwallonsa yake karyewa, ga shi kuma an kai jifa 75 ko 80. Dalilin gaskiya ne. Amma ba a rufe ido a bi shi. A 2020, wasa na 6 na World Series da Dodgers, kocin Rays Kevin Cash ya cire Snell, wanda a lokacin ɗan Rays ne, a jifa 73, ya kori mutum tara, sau biyu kacal aka buge shi, don kawai Betts na Dodgers zai zo karo na uku. Wanda ya karɓa a gajiye yake, Betts ya buga masa mai tasha biyu, kofi ya tafi Los Angeles. Tambayar da za a yi ita ce: wanda zan kawo ya fi wannan da ke kan tudu a halin da yake yanzu?

Alhaji, ranka ya daɗe, sai maganarka. Na san abin da ya dame ka: Ohtani ya buga hom ron 55 a 2025, amma maki 102 kawai ya shigar da bugunsa, domin da yawa ya buga su tasoshi babu kowa. Ga abin da ke ɗaya gefen. Wasa yana iya ƙarewa a kan kowane gurbi cikin tara, saboda haka duk gurbin da ka sauko, mutum ya rasa zuwa bugu kusan sau 18 a kaka, wato 162 raba tara. Daga na ɗaya zuwa na huɗu, 54 ke nan. Ohtani a kowane zuwa 13 yana buga hom ron ɗaya, ka ga ka zubar da kamar huɗu, ban da sauran bugu da tafiya kyauta. Kuma a inin na tara, ana binka maki ɗaya, na ɗaya ne ya fi samun damar sake zuwa, na huɗu yana zaune wasa ya ƙare. Sannan shi da kansa ya taka gida sau 146 a kakar, wannan ma maki ne.

Tabbacin tasoshi babu kowa sau ɗaya ne a wasa, a zuwan farko. Bayan nan, na takwas da na tara ne suke gabansa. To gyaran yana can ƙasa: a sa mai haƙuri a na tara, wanda ba ya bin ƙwallon banza, ko da ba shi da ƙarfi. Kuskuren da ake yi shi ne a jefa mafi rauni a na tara don al'ada.

Na bayansa ma yana da nauyi. Wasa na 3 na World Series ta 2025 mai inin 18, sau tara Ohtani ya kai tasha, sau huɗu da gangan Toronto suka ba shi hanya, saboda Betts ba ya cikin yanayinsa a lokacin. Kocin Dodgers Dave Roberts bai taɓa gurbin Ohtani ba. Will Smith, mai cafe ƙwallo, ya hau na biyu, Betts ya sauka, a wasa na 6 yana na huɗu ya buga wanda ya shigar da maki biyu, Dodgers suka ci 3 da 1. Kuma a lura da hannu: Ohtani da Freeman da Muncy bahagwai ne, Betts da Smith na dama. Tun 2020 mai karɓar jifa dole ya fuskanci mutum uku ko ya ƙarasa inin. In ka jera bahagwai biyu a manne, ka ba abokin hamayya wurin da zai saka bahagon mai jifansa ya ci riba. In ka raba su da na dama, dole ya bi ta kan Betts ko Smith.

Inda zan ba ka gaskiya, Alhaji, shi ne ranar da Ohtani yake jifa. A gida, ya gama inin na farko a tudu, cikin minti biyu da 'yan daƙiƙoƙi sai ya sa hular kwano ya fito bugu. A waje kuma ya fara bugu, in ya kai tasha ya yi gudu, sannan ya hau tudu yana haki. Haka ta faru a Toronto a wasa na 7, har kocin Toronto John Schneider ya yi ƙorafin ƙarin lokacin da aka ba Ohtani na ɗumama hannu. A ganina ranar jifarsa a gida a sa shi na biyu ko na uku. Wasa goma sha ne a shekara, abin da za a rasa bai kai zuwa bugu biyar ba, shi kuma ya samu ya zauna ya sha ruwa ya yi magana da Smith. Sauran ranaku a bar shi a na ɗaya.

Wanda ya tambayi me ya sa ba a ajiye Ohtani ya rufe wasa na 7 ba: dokar 2022 da ta bar mai jifa ya ci gaba da bugu bayan an cire shi daga tudu, mai fara wasa kaɗai ta shafa. Da a tsakiya ya shigo aka cire shi, sandarsa ta fita daga jerin ke nan sai dai a tura shi tsaron fili. Sai na ji daga gare ku. Wassalamu alaikum.