Kuɗin kiran ƙungiyarmu na ƙarewa cikin dare: mu sabunta Asterisk ko mu bar ta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ke kula da layin wayar ƙungiyarmu ta manoman riɗi da zoɓo a ƙasar Gumel. Manomi zai kira, ya danna lamba, ya ji farashin kasuwar Maigatari da muka naɗa da murya. Asterisk, manhajar karɓar kira da rarraba shi, siga ta 13, ita ce ke riƙe da layin, a kan tsohuwar kwamfuta mai aiki da sola. Kwanan nan sai mu zuba kuɗi a asusun kira, gari ya waye babu ko sisi, har wasu sun fara yi mini kallon zargi. Wani mai gyara ya ce sabuwar siga za ta magance komai, wani kuma ya ce kada in taɓa abin da ke aiki, ai babu mai kutsen da zai kula da kwamfutar ƙauye. Wa zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Tun kafin a zo maganar sabuntawa, yau ɗin nan ka sa kamfanin da ya ba ku layin SIP (layin waya ta intanet) ya rufe kiran ƙasashen waje, ka kuma canza kalmar sirrin layin. Sannan ka duba rajistar CDR, wato jerin kiran da aka yi, da lissafin kamfanin. In ka ga dogayen lambobin waje a jere tsakanin tsakar dare da asuba, ka buga su a takarda ka kai wa shugabannin ƙungiya, ka wanke kanka.

Sabuntawa kam dole ce. Siga ta 13 ta fito a 2014, kuma tun 2021 aka daina toshe mata ɓaraka. Ka nufi ta 22, wadda ta fito a 2024 cikin jerin masu dogon tallafi. Amma ba aikin danna maɓalli ba ne. Daga siga ta 21 an cire chan_sip, tsohon sashen da ke haɗa Asterisk da layin SIP, gaba ɗaya, sai magajinsa PJSIP, an kuma cire Macro, tsohon umarnin rubuta tsarin kira, sai Gosub, don haka saitinka da tsarin kiranka duk sai an sake rubuta su. Ribar ita ce PJSIP ba ta karɓar baƙon kira sai kai ka buɗe masa hanya, alhali chan_sip da allowguest, saitin karɓar baƙon kira, a kunne take zuwa. Akwai AudioSocket tun siga ta 18, mai miƙa murya ga manhajar gane magana, sai dai manomin da ke tsakiyar hayaniyar kasuwa da ƙaramar waya, danna lamba ya fi masa. STIR/SHAKEN kuwa, tsarin tantance lambar mai kira, don kamfanonin wayar Amurka aka fi yin sa, kada wani ya caje ka a kansa.

To, mu dawo kan mai gyara na biyu, don maganarsa ce ke ƙona mini rai, kuma kullum sai na ji ta. Wai wa zai kula da ƙauye! Malam, babu wani mutum da ya zauna ya zaɓi Gumel. Manhaja ce ake saki, irin su SIPVicious, tana bin adiresoshin intanet ɗaya bayan ɗaya tana ƙwanƙwasa ƙofar 5060, wadda kiran SIP ke shigowa ta cikinta, kamar ɓarawon da ke bin rumfunan kasuwa da dare yana jijjiga kowane kwaɗo. Ba ta san Legas ba, ba ta san Gumel ba. Duk inda aka amsa mata, sai ta fara gwada lambobin layukan cikin gida irin su 100, 101, 1000 da kalmar sirri irin 1234. Da ta dace, sai a yi ta kiran lambobin waje masu tsada, waɗanda ɓarayin ke da kaso a kowane minti. Dare suke so saboda babu mai kallo. In kuma kalmar sirrin layin kamfani suka samu, daga can inda suke za su riƙa kira: batirin solarku ya mutu, kwamfuta a kashe, kuɗi na tafiya.

Ƙananan wurare ma sun fi daɗin sata, tunda babu ma'aikacin da ke duba rajista. Abin takaici, sau da yawa masu gyaran ne da kansu ke buɗe shafin gudanarwa ga duniya baki ɗaya, don kawai kada su hau mota daga Kano in abu ya lalace. Su karɓi kuɗin aiki, su bar dukiyar talakawa a fili, in an yi asara su ce sabis ne. Wannan cin amana ne, ko da ba da niyya aka yi ba. Kuɗin nan fa na mutanen da suka sha rana suna yankan riɗi ne.

Mai gyara na farkon ma bai faɗi gaskiya duka ba. In ka kwashe 1234 ka kai ta siga ta 22, haka za a ci gaba da yashe ku. Ka sa dogayen kalmomin sirri, ka hana kowa isa 5060 sai adireshin kamfaninku, ka ɗora Fail2ban, manhajar da ke toshe adireshin da ya yawaita kuskuren kalmar sirri, mai gyara kuma ya shigo ta VPN, wato keɓantacciyar hanya mai tsaro. Layin da aikinsa karɓar kira ne, ka cire masa ikon fitar da kira kwata-kwata. Sabuwar sigar kuma ka fara gwada ta a wata kwamfutar, ka sauya a ranar da ba ta kasuwa ba.