Uwar shafi, akwatin rubutu, da masu tallan InDesign a filashi

Malam, na gama rubuta littafina, ya kusa shafi 300. Mai tsara min shi ya yi aikin a InDesign, manhajar tsara shafukan littafi, da muka kai maɗaba'a sai suka ce gefen da za a ɗinke ya yi kaɗan, ɗinki zai cinye rubutu. Yanzu ya ce sai ya bi shafi ɗaya-ɗaya ya gyara, kuma sai na sake biyansa. Wallahi kuɗin takarda ma da kyar na haɗa. In biya? (Wata marubuciya, Kano)

'Yar'uwa, kwantar da hankalinki, littafinki bai lalace ba. Amma kada ki ba shi ko sisi tukuna, sai kin zauna kusa da shi ya buɗe miki aikin kin gani da idonki.

A InDesign akwai abin da muke kira uwar shafi. Duk abin da aka ɗora a kanta, lambar shafi ce, sunan littafi ne a sama, ko faɗin gefe, zai fito a kowane shafin da ke ƙarƙashinta. Tsofaffin manhajoji suna rubuta Master, daga ta 2022 kuma kamfanin Adobe ya mayar da shi Parent, aikin dai ɗaya ne. Mai tsara littafi da ya san hannunsa, a kan uwar nan yake kafa akwatin da rubutu zai zauna. Tun wajen buɗe sabon aiki akwai wani ɗan gurbi da aka rubuta Primary Text Frame, wanda ya fara zuwa a fitowar InDesign mai suna CS6 a 2012. In ya danna shi, shafin hagu da na dama kowanne zai samu akwatinsa, a haɗe da juna. Sai ya zuba rubutun daga Word, ya tabbata Smart Text Reflow a kunne yake, manhajar ta riƙa ƙara shafuka da kanta har labari ya ƙare.

To in haka ya yi, gyaran da maɗaba'a ke nema na minti biyar ne. Zai koma kan uwa, ya ja akwatin hagu da na dama nesa da tsakiya, shafuka duka su bi. Abin da zai rage masa shi ne ya duba farkon kowane babi da lambobin da ke shafin ƙumshiya, domin rubutu zai ɗan motsa.

In kuwa da hannu ya riƙa zana akwati a kowane shafi, kuma ina zargin haka ne tunda ya ce sai ya bi ɗaya-ɗaya, to shi ya gina gida ba tushe, bai kamata ke ki biya kuɗin rushewa ba. Ko a hakan ma ba sai ya bi shafi 300 ba. Ya buɗe sabon aiki yadda na faɗa, ya sake zuba rubutun. Wahalar da zai sha ita ce in ya cika littafin da danna Enter don tura babi zuwa sabon shafi, wannan sai ya goge su, ya sa umarnin fara sabon shafi a cikin salon kan babi. Ki ba shi na goro in kin ga ya yi ƙoƙari. Cikakken kuɗi karo na biyu kam, a'a.

Na sa akwatin rubutu a uwar shafi, amma a cikin littafi in na danna shi ba ya motsi. Manhajar ce ta lalace? (Ɗalibi mai koyon aiki, Zariya)

Lafiyarta ƙalau, ɗana. Akwatin da ka zana da hannu a kan uwa a kulle yake fitowa. Riƙe Ctrl da Shift ka danna shi, zai saku. Amma kada ka mai da wannan ɗabi'a, don duk abin da ka matsar da hannu ya daina bin uwa a wannan fannin. Gara ka koma kan uwar, ka danna 'yar alamar da ke kusurwar akwatin ta sama ta hagu, ya zama Primary. Kuma ka riƙa lura da ƙaramar alamar tarawa ja a ƙasan akwati na ƙarshe: tana nufin akwai rubutun da ya maƙale bai fito ba. An sha buga littafi babu ƙarshen labari saboda ita.

Wani ya ce zai sa min InDesign sabo fil, orijina, na har abada, daga filashi. Kuɗin bai da yawa. In karɓa? (Mai shagon buga takardu, Katsina)

Alhaji, kai ma ka san amsar, so kake in ɗaure maka gindi. Tun 2013 Adobe ta daina sayar da sabuwar InDesign sayen mutu-ka-raba. Haya ake yi, wata-wata ko shekara-shekara, ta intanet. CS6 ce ta ƙarshe da aka saya aka mallaka. Duk wanda ya ce maka yana da sabuwa ta har abada a filashi, fasasshiya ce, kuma abin haushin ma, kuɗi zai karɓa a kan abin da shi ya sauke a banza.

Ban hana ka don tausayin Adobe ba, ba su rasa na cefane ba. Kai nake ji. Kafin ya sa maka, abu na farko da zai ce shi ne ka kashe manhajar kariya, ka kuma hana kwamfutar shiga intanet. Ka tambayi kanka me ake ɓoyewa. Kwamfutar nan ita ce shagonka: ayyukan ɗalibai, katunan biki, takardun mutane, wataƙila har da shiga asusun bankinka. Ranar da ta kulle a tsakiyar littafin wani, ka ƙona man janareta na yini guda kana jiran yaron da ya sa maka ita ya ɗaga waya, a ranar za ka san tsadarta. Sannan in ya sa maka wadda ta girmi ta abokin aikinka, fayil ɗinsa ba zai buɗu a wurinka ba sai ya adana maka shi a IDML, nau'in fayil ɗin da tsohuwar InDesign ke iya buɗewa. Mutanenmu za su sayi sabuwar waya ba ciniki, amma kayan da suke ci da shi sai su nemi na bola. Wannan ɗabi'a tana ba ni mamaki.

In aikin littafi yana shigo maka a kai a kai, yi hayar ta gaskiya ka sa kuɗin a cikin farashi. In jefi-jefi ne, akwai Scribus, ita ma manhajar tsara littafi ce, kyauta ce halal. Sai dai ka sani, akwatin da ka ɗora a uwar shafinta ba ya karɓar rubutun littafi. Wajen buɗe aiki ake zaɓar akwatuna masu zuwa da kansu. Affinity ma, wadda Canva ta saya a 2024, ta koma kyauta a ƙarshen 2025, kuma uwar shafinta tana riƙe rubutu. Daga shafinsu na intanet za ka sauke, ba daga aljihun wani ba.

CorelDRAW na iya, ba zan iya tsara littafi mai shafi 200 da shi ba? (Daga Maraɗi)

Za ka iya, kamar yadda za ka iya kwashe yashin tifa da cokali. Yi bangon littafin a Corel, cikin kuma ka bar wa manhajar da aka yi don shi.

Da na zuba rubutuna, duk ƙ da ɗ da ɓ sun zama 'yan akwatuna masu launin hoda. Ko sabuwar kwamfuta zan saya? (Wata malama, Sakkwato)

Haba Malama, ajiye kuɗinki. Nau'in harafin da aka zaɓa ne ba shi da haruffa masu lanƙwasa. Sauke Charis SIL ko Gentium, kyauta ne kuma suna da su duka, ki canza a salon sakin layi sau ɗaya, littafin gaba ɗaya ya gyaru. In kuma da tsohon harafin nan aka buga miki, wanda ake ɓoye ƙ a bayan wani maɓalli, sai an bi da Find/Change an musanya su tukuna. Maɗaba'a kuma PDF za ki kai musu, ki buɗe shi a wata kwamfutar daban ki duba kafin ki hau mota.