Shin gawayin girki zai iya zama batiri ko maganin guba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Sana'ata haɗa wutar sola ce a Jos, kuma na ji ana cewa abin da ke riƙe caji a batirin lithiyam ɗan'uwan gawayi ne, har masu bincike sun fara yin batiri da ɓawon kwakwa. Na kuma ji cewa a asibiti ana ba wanda ya sha guba gawayi. Idan haka ne, me ya hana a yi amfani da gawayin da ake sayarwa a Farin Gada?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Abin da ka ji gaskiya ne, sai dai akwai sharaɗi babba a cikinsa. Gawayi da bakin fensir da lu'ulu'u duk sinadari ɗaya ne da ake kira kabon, kuma abin da ya raba su shi ne yadda ƙwayoyin zarrarsa suka jeru, kamar yadda ƙasa ɗaya take zama tukunya ko tubali gwargwadon hannun da ya sarrafa ta.

Kafin mu shiga cikin batiri, sai mu san ayon. Ayon ƙwayar zarra ce da ta rasa ilektiron, wato ƙananan ƙwayoyin da gudunsu a waya ke samar da lantarki, ko ta sami ƙari, don haka take ɗauke da cajin lantarki. Idan ka narkar da gishiri a ruwa, ya rabu ke nan zuwa ayon na sodiyam da na kilorin. Batirin lithiyam ba wani abu yake yi ba illa kai irin waɗannan ƙwayoyi da dawo da su tsakanin ɓangarori biyu. Lokacin caji, ayon na lithiyam suna barin ɓangaren da aka yi da sinadarin ƙarfe, su ratsa ruwan da ke tsakani, su shige cikin girafait, wato kabon irin na bakin fensir. Idan aka kunna fanka ko firiji sai su koma inda suka fito, ilektiron kuma su bi ta waya su yi aikin.

Dalilin zaɓen girafait shi ne an jera shi shafi a kan shafi kamar littafi, kuma lithiyam yana samun wurin zama a tsakanin shafukan ba tare da ya yaga su ba. Idan ya cika maƙil, kowace ƙwayar lithiyam ɗaya tana tare da ƙwayoyin kabon 6, kuma kumburin da yake yi bai wuce kusan kashi 10 cikin 100 ba, shi ya sa yake jure caji sau dubbai. A nan ne mutumin Jos zai so ya ji labarin kuza, domin ita ma an gwada ta a wannan gurbi, kuma tana ɗaukar lithiyam fiye da girafait nesa ba kusa ba, amma takan kumbura har fiye da ninki uku na girmanta, ta tsattsage bayan an yi ta caji. Akira Yoshino na Japan shi ne ya nuna a 1985 cewa kabon da aka samo daga ragowar man fetur zai iya riƙe lithiyam lafiya, kamfanin Sony ya fitar da batirin kasuwa a 1991, sannan a 2019 aka ba shi kyautar Nobel tare da John Goodenough da Stanley Whittingham.

Gawayin girki ba shi da wannan tsari. Ana ƙona shi da zafin da bai wuce 'yan ɗaruruwan digiri ba, yana cike da toka da danshi da ragowar itace, alhali girafait na masana'anta sai an kai shi kusan digiri 3,000. Tun a 1951 masaniyar kimiyya 'yar Birtaniya Rosalind Franklin ta nuna cewa akwai nau'in kabon da ko an gasa shi yaya ba zai taɓa jeruwa ya zama girafait ba, kuma na ɓawon kwakwa yana cikinsu. Abin sha'awa, wannan rashin tsari ne ya ba shi daraja a yau wajen masu binciken batirin da ke amfani da sodiyam a maimakon lithiyam. Ayon na sodiyam ba ya zama da kyau a tsakanin shafukan girafait, amma yana samun mafaka a ƙananan kogunan wannan kabon mai tauri, bayan an wanke shi an gasa shi da zafin da ya haura digiri 1,000 a inda babu iska. A ganina wannan bincike ya fi kowanne dacewa da mu, domin sodiyam yana cikin gishiri, kuma batirin da zai zauna a kusurwar ɗaki bai damu da ɗan ƙarin nauyin da batirin sodiyam yake da shi ba. Zan so in ga jami'o'inmu sun duƙufa a kan ɓawon gyaɗa da ƙaiƙayin shinkafa da muke ƙonawa a banza.

Batun asibiti kuwa yana buƙatar taka-tsantsan, domin rai ne a ciki. Gawayin da likita yake bayarwa an ratsa shi da tururi mai tsananin zafi har ya cika da ramukan da ido ba ya gani, ta yadda giram ɗaya zai iya samun faɗin fili na kusan murabba'in mita 1,000. Giram 7 ke nan sun kai filin ƙwallo. Guba tana manne wa bangon waɗannan ramuka tun tana cikin hanji, kafin ta shiga jini, kuma amfaninsa ya fi yawa idan an ba da shi cikin sa'a ɗaya da shan gubar. Dakakken gawayin murhu ba ya kusa da wannan aiki. Ko na asibitin ma ba ya kama kalanzir da fetur da ruwan batirin mota da ƙwayoyin ƙarin jini masu ƙarfe, haka kuma ba ya kama lithiyam, wanda ake bayarwa a matsayin magani ga wasu masu taɓin hankali tun bayan binciken likita John Cade a Ostireliya a 1949.

Akwai kuma wata hanyar da kabon ya shiga asibiti, inda ake cire wa ƙwayoyinsa ilektiron, a harba su da na'ura cikin matsanancin gudu zuwa kumburin ciwon daji, su sauke mafi yawan ƙarfinsu a daidai zurfin da aka auna. An fara wannan jiyya a Chiba ta Japan a 1994.

Tunda aikinka yana kai ka gidajen jama'a, Malam, ina roƙonka ka riƙa faɗa wa iyaye cewa idan yaro ya haɗiye ƙaramin batiri mai kama da maɓallin riga, ko ya kurɓi ruwan batiri, kada a ɗura masa gawayi ko manja, kada kuma a sa shi amai. Ƙaramin batirin nan yana iya ƙona maƙogwaro cikin sa'o'i 2 kacal, don haka a garzaya da yaron asibiti nan take, a tafi da kwalin batirin idan yana kusa.